Baƙon Da Ya Tare Cikin Ƙwaƙwalwa

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Amma a wasan kwamfuta mai suna Mass Effect: Andromeda, wanda kamfanin BioWare na Kanada ya fitar a 2017, an nuna baƙon da ba ya tashi. Sunansa SAM, watau ƙirƙirarriyar basira da aka haɗa da ƙwaƙwalwar jarumin labarin, Ryder, ta wata 'yar na'ura da aka dasa masa a ka.

SAM na ƙara wa Ryder ƙarfi da kaifin hankali, shi kuwa yana koyon duniya ta idon Ryder da kunnensa. Sannu a hankali jikin Ryder ya dogara gare shi ɗungum. Ran da babban maƙiyinsu, Archon, ya raba tsakaninsu, sai Ryder ya yanke jiki ya faɗi, rai a hannun Allah.

Wannan batu ya wuce almara. A 2019 kamfanin Second Sight na Amurka ya daina ƙera Argus II, na'urar gani da aka dasa wa makafi fiye da 350. Lalle kafin a yarda da kowane irin dashe, ya kamata a san wanda zai gyara shi in kamfanin ya janye hannunsa.