Aikin Sa Kai a Sansanin Ambaliya: Abin da Gidanki Zai Iya Yi

Duk wadda ta zauna a ƙasar Haɗejiya ta san cewa daga Agusta zuwa Satumba hankali ba ya kwanciya. Ruwan da ya sauka a jihar Kano ya cika madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992, shi ne ke gangarowa ta Wudil da Ringim har ya iso mana. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Da zarar kogi ya tumbatsa, sai ya fantsama cikin gonakin shinkafa da gidajen ƙasa a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri da maƙwabtansu.

Mun ga haka a 2020, muka sake gani a 2022, shekarar da ambaliya ta hallaka sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu. Kowa ya tuna yadda mazan Haɗejiya suka riƙa kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya ci gari. Amma akwai wani aikin gayyar da ba a cika magana a kansa ba. Shi ne na cikin sansani, wato makarantun firamare da sauran gine-ginen gwamnati da ake sauke mutanen ƙauyuka. Mafi yawan waɗanda ke kwana a azuzuwan nan mata ne da ƙananan yara. Shi ya sa yau nake magana da ke.

Wani gida da na gani

A sansanin da na yi aikin jinya a 2022, akwai wani gida daga cikin gari da suke zuwa kullum da safe, su huɗu. Ba masu kuɗi ba ne. Maigidan tela ne, uwargidan kuma tana sayar da kunu da ƙosai.

Maigidan ya ɗauko keken ɗinkinsa ya kafa a gindin wata bishiyar maina. Yana ɗinke gidan sauron da ya yage, yana haɗa buhuna ya yi labule. Da labulen nan aka kewaye wurin wankan mata, aka kuma ware wani lungu na masu jego. Uwargidan ta kama tukunya: kunu da safe, sauran yinin kuma tafasa ruwan sha. 'Yarsu, 'yar sakandare, ta ɗauki littafi da biro tana bin azuzuwa tana rubuta masu ciki da yaran da ba su kai shekara 5 ba. Ƙaninta mai shekara 12 aka ba shi buta da sabulu, ya tsaya a bakin layin abinci, ba mai karɓar kwano sai ya wanke hannu. Autarsu kuwa tana gida wajen kakarta.

Littafin yarinyar nan ya rage mana wahala ƙwarai. Da shi muka san wace ce ta shiga watan haihuwa, wane yaro ne bai taɓa karɓar allurar ƙyanda ba. Uwar kuma ita ce ta riƙa raɗa mana wadda ke zubar da jini tana ɓoyewa. Matar ƙauye ba za ta faɗi wannan ga jami'i namiji mai riƙe da takarda ba, amma za ta faɗa wa 'yar'uwarta a bakin murhu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Abin da ke kashe yara bayan ruwa ya lafa

Ambaliya tana shafe shaddodi ta tura ƙazanta cikin rijiyoyi. Sai a tara mutane da yawa a wuri ɗaya, banɗaki bai wadata ba. Nan ne gudawa da kwalara ke samun gindin zama. A 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kwalara tana iya kashe babba cikin sa'o'i kaɗan, balle yaro.

Idan kin iya haɗa ruwan gishiri da sukari daidai, kina da abin koyarwa a sansani. Ƙunshin ORS guda ɗaya ana zuba shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Idan babu shi, a sa sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, ko da yana amai. Wanda ya kwana a zubar a haɗa sabo. Ma'aikatan lafiya za su ƙara masa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

Ki kuma riƙe alamomin da ba a jira da su: yaro ya kasa sha ko kama nono, idanunsa sun faɗa, yana ta barci ba ya farkawa da sauƙi, yana jijjiga, ko akwai jini a bayan gidansa. Ga mai ciki kuwa: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko naƙuda ta daɗe. Aikinki a nan shi ne ki kai su ga ma'aikacin lafiya nan take. Kada ki ba da magani da kanki, ko da irin wanda ya yi wa ɗanki aiki ne.

Sai zazzaɓin cizon sauro, domin ruwan da ya kwanta gidan sauro ne na gaske. Ki taya iyaye ɗaura gidan sauro, ki kuma tambaya ko yaransu sun sha maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake bai wa 'yan wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata. Gudun hijira kan sa yaro ya tsallake zagaye guda ba a sani ba.

Me za ki kai?

Yawanci abinci da tsofaffin tufafi ne ke fara zuwa mana a rai. Suna da amfani, amma ga abubuwan da suka fi saurin yankewa: sabulu, bokiti mai murfi, buta, fo na yara, tabarma, audugar mata ko tsaftataccen ƙyallen ƙunzugu, zannuwa da kayan jarirai. Garin kunu da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya ya fi wa yaro amfani a kan biskit da lemon roba.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki kai madarar gwangwani ta jarirai ko bulumboti. A wurin da ruwa ba shi da tabbas, madarar nan hanyar gudawa ce. Idan uwa ta ce nononta ya ƙafe saboda tashin hankali, a ciyar da ita, a ba ta ruwa da wurin da za ta sake, ta ci gaba da sa jariri a nono. Yawan tsotso shi ke ƙara kawo shi. Jaririn da ya rasa uwa kuwa, a miƙa lamarinsa ga ma'aikatan lafiya.

Ki tsare naki gidan

Taimako ba ya nufin ki kwaso ciwo ki kai gida. Yaron da bai kai shekara 10 ba ya zauna a gida, ya taya ki ware kaya da ƙulla su. Idan kina da ciki ko goyon jariri, ki dafa a gida ki aika. Wanda zai je ya sa takalmi rufaffe, ya tafi da ruwan shansa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci komai da kuma bayan ya dawo.

Ki hana yara shiga ruwan da ya kwanta. Tsargiya ta daɗe a fadamar nan, ga macizai da ruwa ya koro daga ramukansu. Kada wani naki ya hau kwale-kwalen da aka cika maƙil ko ya bi ruwa bayan magariba. 'Yarki budurwa kuma ta yi aiki inda idonki ke kanta, ku dawo gida tare kafin duhu.

Mutuncin wanda ake taimako

Matar da kika gani a kan tabarma a aji, makon jiya tana da ɗakinta da rumbunta da awakinta. Manoma ne da masunta da makiyaya, waɗanda shinkafarsu da kifinsu da nononsu muke ci. Ki koya wa yaranki su gaishe su yadda suke gaishe da baƙin gidanku. A ajiye waya. Hoton uwa tana miƙa hannu ba abin sakawa a Facebook ko WhatsApp ba ne, domin ruwa zai janye, hoton kuwa yana nan. A wajen rabo kuma ba a tambayar mutum ƙabilarsa ko addininsa.

Ta ina za a fara?

Kada ku faɗa sansani da kaya kai tsaye, rabon da ba tsari kan jawo turereniya, mai ƙarfi ya kwashe ya bar mai goyo. Ku fara da mai unguwa ko dagaci, ko jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha wato SEMA, ko ƙungiyar Red Cross, ko 'yan agajin da ke aiki a wurin. Ku tambaye su abin da ya yanke, ku faɗi sana'ar da kowa ya iya. Idan kina cikin ƙungiyar matan Islamiyya, ko zumuntar mata ta coci, ko ma 'yan adashi, ku raba kwanaki tsakaninku. A makon farko masu kawo gudummawa kan yi yawa, a mako na huɗu sai ka nemi mutum ka rasa, alhali a lokacin ne abinci ke ƙarewa, tamowa ta fara bayyana a jikin yara.

Tun kafin kogi ya cika, ki zauna da maigida da yara ku tsayar da abin da kowa zai ɗauka. Ki ware bokiti ɗaya mai murfi, duk kasuwa ki jefa sabulu guda a ciki. Allah Ya tsare mana garuruwanmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.