Shan Ruwa a Kan Tabarma Ɗaya: Azumin Ɗalibai a Kudancin Khartum

Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Maraɗi ya tafi karatu Sudan, abin da watan azumi yake fara koya masa shi ne namiji ba ya shan ruwa a ɗaka. Da rana ta yi ja, a unguwannin kudancin Khartum irin su Kalakla, sai a shimfiɗa tabarmi a bakin titi, kowane gida ya fito da faifan abincinsa, mazan layi su zauna tare. Duk wanda ya gifta sai an tare shi, kuma ba tayin fatar baki ba ne. A hanyar Khartum zuwa Madani har tsakiyar kwalta ake shiga a tsayar da motar haya, a sauke fasinjoji a ciyar da su.

Da wannan al'ada ɗalibai suke shiga jami'a. Jami'ar Ifriƙiya, wadda ta soma a matsayin Cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977 kafin ta zama jami'a a 1992, tana ɓangaren kudu na birnin, kuma kafin yaƙin 2023 'yan Najeriya na cikin baƙin da suka fi yawa a cikinta. A tsallaken Farin Nilu akwai Jami'ar Musulunci ta Omdurman. A ɗakunan kwanan ɗalibai ana yin abin da Sudaniyawa suke kira mez: a yi karo-karo, a raba girki, yau ku gobe mu. In azumi ya kama, sai tukwanen su fito fili ɗaya.

Bahaushe ba ya baƙunta a gaban wannan abinci. Asida tuwon dawa ce, ana cin ta da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama. Ga zoɓo, ga ruwan tsamiya, ga na kuka, ga dabino. Abin da zai tsaya ya tambaya shi ne hilu-mur. Tun watan Sha'aban mata suke tsirar da dawa, su niƙa, su zuba citta da kirfa da sauran kayan ƙamshi, su bar ƙullin ya yi tsami, sannan su gasa shi fale-fale. Ranar sha a jiƙa, a tace, a sa sukari. Ɗalibin da mahaifiyarsa ta aiko masa da shi daga ƙauye ya san ba nasa ba ne shi kaɗai. Mai azumi a garin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, ga ɗauke wuta, ba ya raina abin sha.

Bayan isha'i sai tarawihi, a goman ƙarshe a ƙara da tahajjudi. Mazhabar Malikiyya ce kamar ta gida, sai dai wanda ya tashi da Warshu a makarantar allo yakan ji limamin da yake karatu da ruwayar Duri, wadda ta daɗe a tsakiyar Sudan.

A jami'o'inmu na Najeriya ma ana ciyarwa, kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a 1954, tana ƙoƙari. Amma sau da yawa rabo ake yi: masu bayarwa a tsaye, masu karɓa a layi da leda. A ganina tsarin Sudan ya fi rufa asiri. Wanda ya kawo da wanda ya zo hannu rabbana a kwano ɗaya suke sa hannu, ba mai gane wanda kuɗin guzurinsa ya ƙare.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, a cikin goman ƙarshe na azumi ya faɗo wa mutane. Ɗalibai suka yi sallah da ƙarar bindiga, kuma daga harabar Jami'ar Ifriƙiya motocin safa suka kwashi 'yan Najeriya zuwa iyakar Masar. Kalakla ta kusa shekara biyu tana shan wuya kafin sojoji su karɓe Khartum a Maris 2025, shi ma cikin azumi. A tsakanin nan, waɗanda ba su samu hanyar gudu ba sun dogara ne da takaya, wato tukwanen unguwa da matasa 'yan sa-kai suke ɗorawa da kuɗin da 'yan uwa na ƙetare suke turowa.