Tekun da ke Riƙe da Daminar Dalijan

Manoma da yawa a Dalijan da sauran garuruwan ƙasar Gwandu a jihar Kebbi sun tsufa ba su taɓa ganin teku ba. Amma hadarin da suke ɗaga kai suna jira a ƙarshen bazara daga can yake tasowa. Iskar damina ce ke kwaso danshi daga Tekun Atlantika, ta yi ta turo shi arewa har ya sauka a kan gero da dawa. Abin da ya taɓa teku, ko ba daɗe ko ba jima sai ya iso rumbu.

To, tekun nan yana ɗumama. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa tun da aka fara ajiye lissafi ba a ga shekara mai zafin 2024 ba, domin ta ɗara matsakaicin zafin shekarun 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyos. Hayaƙin man fetur da gas da kwal ne ke tare zafi a sararin samaniya, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan rarar zafin teku ne ke shanye shi. Ruwa kuwa ba ya saurin hucewa. Zafin da ya haɗiye yau, jikokinmu za su tarar da shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa, magidanta suka bazama cin rani. An daɗe ana ɗora laifin a kan sare itatuwa da yawan kiwo kaɗai. Sai a 2003 masaniyar yanayi Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna a mujallar Science cewa sauyin zafin tekuna ne babban sila: ɗumamar ruwan da ke kewaye da Afirka, musamman Tekun Indiya, ta raunana iskar damina, ta kasa kai hadari can cikin Sahel.

Yau matsalar ta sake kama. Duk ƙarin digiri ɗaya, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi da ya kai kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa ake ƙara ganin ruwan mako biyu ya zuba a dare ɗaya, sannan sama ta ɗauke, shuka ta yi yaushi. Mutanen Kebbi sun ɗanɗana a 2020, sa'ad da ambaliya ta shanye gonakin shinkafa a fadamun Gulbin Rima da Kogin Kwara, manoma suka wayi gari da bashi ba girbi. Bazara ma ta ƙara tsanani. A Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali.

Abin da ya fi ciwo shi ne, hayaƙin da Afirka gaba ɗaya ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin ɗari na na duniya ba. Duk da haka, kuka ba zai cika rumbu ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, har da Hausa. Ya kamata ya riƙa isa ga mai fartanya ta rediyo, ta bakin malaman gona da masu unguwanni, kafin ya yi binne. Jami'ar Tarayya da ke Kalgo tana da rawar takawa wajen gwada iri mai saurin nuna a ƙasarmu. Manomi kuma ya bar gawo ya girma a gonarsa, ya raba ƙafa tsakanin tudu da fadama, ya riƙi noman rani.

Kakanninmu sun karanci damina daga juyawar iska da isowar shamuwa. Wannan ilimi bai mutu ba, sai dai yanzu yana bukatar ƙari. Wanda zai zuba iri a Dalijan bana, ya dace ya fara jin labarin teku.