Shanyewar ɓarin jiki: abin da jini yake gaya wa likita

Darasinmu na yau a kan ciwon shanyewar ɓarin jiki ne.

Kun san shi. Mutum yana zaune lafiya lau, sai baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Wasu su ce iska ce ta taɓa shi. Ba iska ba ce. Ciwon cikin ƙwaƙwalwa yake. Mafi yawa gudan jini ne yake toshe wata jijiya. Jini ya kasa kaiwa wani yanki na ƙwaƙwalwa, yankin nan ya fara mutuwa.

Tambayar iyali guda ce: zai tashi? Zai koma gona? Likita yana duban shekarun maras lafiya, da tsananin ciwon, da hoton ƙwaƙwalwa. Yanzu masana suna neman ƙarin amsa cikin jini.

Ku dubi katangar ƙasa. Magini yana kwaɓa laka da ciyawa don ta yi ƙarfi. In ruwan sama ya ci katanga, za ku ga ciyawar tana bin ruwa a kan hanya. In kaɗan ce, ɓarna kaɗan ce. In ta yi yawa, katanga ta ci wuya. To, haka ƙwaƙwalwa take. Tana da zare-zare masu kai saƙo ga hannu da ƙafa da harshe. Cikin zaren akwai wani furotin, wato ɗaya daga cikin kayan ginin jiki, wanda yake ƙarfafa shi. Likitoci suna ce masa NfL. In zaren ya lalace, sai NfL ya zubo cikin jini.

A shekara ta 2018, masana a birnin Munik na ƙasar Jamus sun bayyana sakamakon binciken da suka yi. Sun auna NfL a jinin marasa lafiya kwana 7 bayan ciwon ya kama su. Waɗanda nasu ya yi yawa, ɓarnar ƙwaƙwalwarsu ta fi girma. Bayan wata 3 kuma, su ne suka fi buƙatar taimakon wani.

Yaya ake sanin mutum ya samu sauƙi? Akwai ma'auni daga 0 zuwa 6. Asalinsa aikin likita John Rankin ne, a Gilasgo, a shekara ta 1957, daga baya aka gyara shi. Mai 0 ya warke sarai. Mai 2 yana iya kula da kansa. Mai 4 ba ya iya tafiya sai an riƙe shi. Lamba 6 rasuwa ce.

Akwai wani furotin kuma, CRP, wanda hanta take yi in jiki yana fama da wani ciwo. Tun 1930 aka gano shi, kuma awonsa ba shi da wuya. In ya yi yawa bayan shanyewa, ba alama ce mai kyau ba. Amma ku lura: zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga shi. Saboda haka a ƙasarmu ba a dogara da shi kaɗai.

Awon NfL yana buƙatar na'ura mai tsada, bai shiga aikin asibiti na yau da kullum ba tukuna. Kuma a ganina kada a ɗauki lambar awo tamkar hukunci. Ɓarna take nunawa. Ba ta ƙidaya motsa jiki da koyon tafiya da maras lafiya zai yi, alhali watanni 3 na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin farfaɗowa.

In ciwon ya kama wani a gidanku, kada ku tsaya turare ko shafa magani. Kada ku ɗura masa ruwa ko fura, yana iya shaƙewa. Ku kai shi asibiti nan da nan. Maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin awa 4 da rabi na farko aka saba ba da shi, kuma sai an ɗauki hoton kai tukuna. Don haka ku riƙe lokacin da abin ya fara, da hantsi ne ko bayan azahar, ku gaya wa likita.