Idan Gilashin Tabarau Ya Ƙarje, Me Za a Saka a Gurbinsa?

A gasar tseren keke ta Tour de France ta 1985, Ba'amurke Greg LeMond ya fito da wani faffaɗan tabarau mai rufe kusan rabin fuska, ƙirar kamfanin Oakley. Ya zo na biyu a wannan shekara, ya lashe gasar a 1986, daga nan 'yan tsere suka yi wa tabaraun caa. Kamfanin, wanda Jim Jannard ya kafa a Kalifoniya a 1975, da robar mariƙin babur ya fara. Abin da ya fi muhimmanci a wancan tabarau shi ne ana iya ɓalle gilashinsa a saka wani. A yau sauya gilashi ya zama kasuwa guda: akwai kamfanoni irin su Revant da Fuse a Amurka waɗanda babban aikinsu shi ne yanka gilashin da zai shiga firam ɗin wasu.

Gilashi dai muke ce masa, amma roba ce, galibi wadda ake kira folikabonet, da masana a kamfanonin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka suka gano a 1953. An zaɓe ta ne don ba ta tarwatsewa. Mai gangarowa daga dutse da gudun kilomita 80 a awa, idan tsakuwa ta yi tsalle daga tayar na gabansa, gara ta tarar da abin da zai lotsa da ta tarar da wanda zai fashe a ido. Sai dai robar tana da laushi. Siririn shafe mai tauri ake yi mata, kuma ƙwayar yashi ta fi shafen ƙarfi. Duk wanda ya goge tabarau da bakin riga a tsakiyar hunturu, ƙurar hazo na kwance a kai, kamar ya bi shi da sanfefa ne. Gishirin gumi kuma yana cinye shafe mai sheƙi kamar madubi da ake yi wa wasu gilasai. Shi ya sa firam kan yi shekaru garau, gilashi kuwa ya riga shi mutuwa, kuma sauya gilashin kaɗai ya fi hankali da sauƙin kuɗi.

Inda abin yake damuna shi ne yadda ake zaɓen na sauyin. Mutane da yawa baƙi suke bi, a ganinsu gwargwadon duhun gilashi gwargwadon kariyarsa. Ba haka ba ne. Duhu yana rage hasken da ido ke gani, amma hasken UV, wanda ido ba ya gani, sha'aninsa daban. Gilashi fari tas zai iya tare shi duka, baƙi ƙirin kuma ya bar shi ya wuce. Na biyun ya fi rashin tabarau illa, domin a bayan duhu 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido takan buɗe, hasken mai cutarwa ya shiga da yawa. Likitocin ido sun daɗe da danganta wannan haske da yanar ido da kuma tsiron naman da kan taso daga gefen farin ido, wanda ya yawaita ga masu wuni a rana da ƙura. Alamar da ake nema ita ce UV400, wato gilashin na tare haske har zuwa tsawon nanomita 400. Sitika kuwa kowa na iya bugawa, don haka idan mai yanka tabarau yana da na'urar aunawa, a ba shi ya gwada.

Shi duhun yana da nasa ma'auni. Ƙa'idar ISO 12312-1 ta kasa shi biyar, daga 0 zuwa 4. Mataki na 3 yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ya wuce, kuma shi ya dace da ranar tsaka irin tamu. Na 4 yana barin kashi 3 zuwa 8 ne kawai, an yi shi don masu hawa duwatsun ƙanƙara, ƙa'idar ma ta ce bai dace da tuƙi ba. Ɗan acaɓa ko mai keken da zai kai magariba a hanya yana bukatar fari ko mai ruwan ɗorawa a aljihu, kuma amfanin firam mai ɓallewa ke nan.

Akwai mai rikiɗa, wanda ke yin duhu a rana ya washe a inuwa. Yana da daɗi, amma zafi na rage masa ƙarfi, don haka a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ba zai yi baƙin da yake yi a sanyin Turai ba. Akwai kuma mai tace ƙyalli, abokin masunta, wanda 'yan keke da dama ke gudu saboda yana ɓoye sheƙin da ke nuna ruwa ko mai a kan kwalta, yana kuma dusashe allon waya.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne lanƙwasa. Tabaraun wasanni yana zagaye fuska, kuma gilashi mai irin wannan lanƙwasa, idan kaurinsa ɗaya ne daga tsakiya zuwa gefe, yakan karkatar da haske, abu ya ɗan gusa daga inda yake. Masu ƙira na kirki sukan sirantar da shi zuwa gefe don gyara hakan. Na arha ba kasafai ake yi masa wannan ba, sai mutum ya yi ta ciwon kai, ko ya kasa ƙiyasta nisan rami. Gwajin ba wuya: a riƙe gilashin nesa da fuska, a kalli layin ƙofa ta cikinsa, a motsa shi a hankali. Idan layin ya yi rawa ko ya karye, a mayar wa mai shi. A kuma duba lambar samfurin da ke cikin hannun firam kafin a yi oda, domin gilashin da bai zauna daram ba zai iya fita a karon farko.