Firintarka Na Yawan Ɓacewa Daga Waifai? Dakata Kafin Ka Nemi Mai Gyara

Hutun da ya wuce a gida na yi shi, Kwanar Ɗangora ta ƙaramar hukumar Kiru. Yayana yana da wata 'yar firinta mai aiki da waifai a zaure, da ita yake samun na cefane: takardar JAMB, katin ɗaurin aure, tambayoyin jarrabawa. Har daga Bebeji da Tudun Wada ana turo masa aiki ta WhatsApp, ya buga ya ba direba.

Ranar da na sauka na tarar da shi ya zabga tagumi. Wani malami daga Doguwa ya turo tambayoyin jarrabawa, da asuba motar da za ta kai za ta wuce, ita kuwa firinta sai ta buga shafi biyar ta ɓace daga kwamfuta. Ya ce, "Kai da kake karatun kwamfuta, duba mini abin nan. In ya gagara gobe sai Fam Senta." Na ce, "Yaya, kuɗin motar Kano da na mai gyara ai sun cinye ribar. Bari mu gani."

Ashe lafiyar firintar ƙalau. Tunda lokacin rahoton SIWES da furojet ya ƙarato, ga abin da na koya, ko wani zai huta.

Da farko, firinta ba ta buƙatar data kafin ta buga takarda daga kwamfutar da ke kusa da ita. Abin da ake so kawai shi ne su biyun su kasance a kan waifai ɗaya. Sau da yawa laftof ce ke tsallakewa ta kama hotsifot ɗin wani, a bar firinta da laifi. Don haka fara duba sunan waifan da kowacce ta kama. Sannan ka shiga saitin firinta ka sa ta buga shafin bayanin netwok. A nan za ka ga sunan waifai, ƙarfin sigina da adireshin IP. Ajiye wannan takarda, ita ce shaidarka.

1. Adireshi ya canza

Wannan ce ta kama mu. Rauta kamar ɗan kamasho take a tasha: duk na'urar da ta shigo sai ya ba ta lambar layi. Tsarin rabon lambar shi ake kira DHCP. Rautar Yaya mai cin layin waya ce, ba ta da batir. Duk sanda aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sai ta mutu ta sake tashi, ta raba lambobi daga farko. Firintar da ɗazu take 192.168.0.101 sai ta koma 192.168.0.103, ita kuwa kwamfuta tana can tana ƙwanƙwasa tsohon gida. Na gane haka ne da na buga shafin nan sau biyu, kafin ɗauke wuta da bayan an tayar da inji, na ga lambobin sun sha bamban.

Maganinsa shi ne a ba firinta lamba ta dindindin. Rubuta adireshin rauta a burauza, yawanci yana manne a ƙasanta tare da kalmar sirrin shiga. Nemi sashen DHCP, ka ɗaure lamba ɗaya da adireshin MAC na firintar, wanda shi ma yana kan shafin da ka buga. Daga nan ka goge firintar daga kwamfuta ka sake saka ta.

2. Zango biyu na waifai

Waifai yana tafiya a kan 2.4GHz ko 5GHz. Na 5 ya fi sauri amma ba ya nisa, bango kuma yana kashe masa ƙarfi. Yawancin ƙananan firintoci 2.4 kaɗai suke ji. Idan hotsifot ɗin wayarka yana kan 5, firinta ba ma za ta gan shi ba. Idan kuma rauta ta haɗe zangon biyu da suna ɗaya, wasu firintocin kan rikice. Raba musu suna, ka sa firinta a na 2.4.

3. Barci

Firinta tana yin barci don rage cin wuta, wata kuma in ta farka ba ta komawa waifai da kanta. Ƙara mata tsawon lokacin kafin barci a saitinta. Hotsifot na waya ma yakan kashe kansa in ya ga shiru, a kashe wannan zaɓin. Kuma in mai wayar ya sa ta a aljihu ya tafi masallaci, to netwok ɗin ya bi shi jam'i.

4. Cunkoso

Ƙananan na'urorin waifai na aljihu suna da iyakar abin da za su ɗauka, da yawa ba sa wuce na'ura 10. A gidanmu kuwa kalmar sirri ta zama goron biki, ƙannenmu da yaran maƙwabta duk suna da ita. Firinta na yin barci, wani ya haye gurbinta. Canza kalmar sirri, amma ka tuna sai ka shigar da sabuwar a firinta ita ma.

5. Mazauni

Yaya ya rataye rautar a tagar ɗakin ciki don ta kamo sabis, tsakaninta da zaure akwai bango biyu da ƙofar ƙarfe. Ƙarfe da kwano da katanga mai kauri duk suna cin sigina. Muka dawo da ita tagar zaure, muka ɗaga ta sama.

Akwai kuma tsarin kunnawa. In wuta ta dawo, rauta ce farko, a ba ta kamar minti biyu ta daidaita, sai firinta, sannan kwamfuta. Mai sola ya sa rautar a layin batir, ba ta da cin wuta, ta daina mutuwa gaba ɗaya.

In lokaci ya ƙure fa? Kada ka tsaya bincike aiki na jiranka. Firintoci da yawa suna da Wi-Fi Direct, wato waya ko laftof ta haɗu da firinta kai tsaye ba sai da rauta ba. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne kebul ɗin USB. Gaskiya da shi muka fita kunya a daren nan: na zaro shi daga kwalin da firintar ta zo a ciki, ko warware shi ba a taɓa yi ba, muka buga aikin malam tsaf kafin sha ɗaya. Sai da direba ya karɓi saƙo bayan sallar asuba sannan na zauna na gyara maganar adireshi.

Har na dawo makaranta firintar ba ta sake ɓacewa ba. Ladan aikina dai Yaya ya ce shi zai buga mini furojet kyauta, amma takarda da kuɗina. Wanda ya gwada waɗannan matakai bai dace ba, ya zo da shafin bayanin netwok ɗinsa mu duba tare bayan lacca.