Ko ka san Wi-Fi ba ruwansa da ƙarfen sabis?

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka kashe sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki. Ba kira, ba saƙo, masu POS sun naɗe tabarma, uwar da ke son jin muryar ɗanta a Kano sai ta biya kuɗin mota ta fita neman inda sabis yake. Sai a Disamba aka fara dawo da shi.

A tsakiyar wannan ƙunci na ga abin da har yau yake faranta mini rai. Na shiga wani shagon turi a Ƙanƙara na tarar da shi cike, kamar babu abin da ya faru. Wani dattijo ya miƙa wayarsa yana son a zuba masa tafsiri, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

"Yaro, ta ina zai shigo, bayan an kashe ƙarfe?"

"Baba, ai ba daga can yake zuwa ba. Daga kan teburin nan zai tashi ya faɗa wayarka."

Yaron shagon ya buɗe manhajar Xender, ya haɗa wayar da laftof ɗinsa, ba igiya ba data. Kafin dattijon ya gama gyara zama a kan benci, karatu ya shiga.

Yaron nan ya faɗi gaskiyar da masu digiri da yawa ba su lura da ita ba: Wi-Fi daban, intanet daban. Mun saba ganinsu tare kamar Hassan da Usaini, har muka ɗauka abu guda ne. Wi-Fi rediyo ne kawai, ɗan ƙarami, mai ji kuma mai magana, da ke cikin kowace wayar zamani da kowane laftof. Intanet kuwa babbar hanya ce da ke fita wajen gari. Idan an datse titin Funtuwa, ai wannan bai hana ka leƙa gidan maƙwabcinka ka karɓo garwashi ba. Abin da Xender yake yi ke nan: ya mai da waya ɗaya ƙaramar tasha, ɗayar ta kama ta, su yi cinikinsu su biyu, kamfanin layi bai ma san an yi ba.

A gida ma haka ne. Rautar nan da aka jefa a durowa don datarta ta ƙare, a kunna ta ko babu sim a ciki, za ta haɗa kwamfutocin gidan. Ita ke raba wa kowace adireshi, irin lambobin nan masu farawa da 192.168. Sauran aikin kaɗan ne: a shaida wa kwamfuta cewa wannan haɗin na gida ne ba na kasuwa ba, a zaɓi foldar da za a buɗe wa 'yan'uwa, a sa mata kalmar sirri. Mai son sauri ya ja igiyar Ethernet, siraran wayoyi takwas da aka tufka bibbiyu, wadda ke kai wa mita 100. Fim mai gigabait ɗaya da zai ci fiye da awa a bulutut, a Wi-Fi 'yan mintuna ne, a igiya mai kyau kuwa kimanin daƙiƙa goma.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ladabin waɗannan na'urori. A shagon nan wayoyi sun kai goma, duk a iska ɗaya suke magana. Me ya hana su yi ta katse juna kamar 'yan kamasho a tasha? Ashe an koya musu zaman majalisa. Kowace sai ta kasa kunne tukuna, in ta ji wani na magana ta yi shiru. In wuri ya yi tsit, ba ta faɗawa kai-tsaye: sai ta zaɓi wata lamba da ka, ta ƙirga, sannan ta buɗe baki. In aka yi rashin sa'a biyu suka yi karo, duk su ja baya, kowace ta sake zaɓen lamba, wannan karon daga cikin tazara mai faɗi. Ka dai san yadda dattawa biyu kan fara magana tare, kowa ya ce "bismillah, Malam, faɗi", a ɗan yi jim, sannan ɗaya ya ci gaba. To haka, sai dai su jim ɗinsu galibi ba ya kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Babu sarki, babu mai gabatarwa, ƙuri'a ce kawai take raba su, kuma aikin yana tafiya. Na daɗe ina juya wannan a raina.

Dabarar ta samo asali ne daga tsibiran Hawayi a 1971, inda Norman Abramson da abokan aikinsa na jami'a suka haɗa kwamfutoci ta rediyo saboda teku ta raba su. Sun kira abin ALOHAnet. A 1973 Robert Metcalfe ya ɗauki tunanin ya sa a igiya a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya, Ethernet ya samu. A 1985 hukumar sadarwar Amurka ta bar wa jama'a wasu zangunan iska kyauta, ba lasisi, har da na gigahaz 2.4, unguwar da murhun dumama abinci na lantarki yake zuba hayaniyarsa. Wato juji aka ba mutane, suka gina kasuwa a kai. Ƙa'idar farko ta wannan fasaha ta fito a 1997, sunan Wi-Fi kuma a 1999.

Rauninsa sananne ne: katanga. Ginin ƙasa mai kauri irin namu yana shanye shi, balle da damina in bango ya jiƙe, kwanon rufi kuma yana mai da shi baya. Shi ya sa rauta a ƙuryar ɗaki ba ta kai wa zaure. A ɗaga ta sama, kusa da ƙofa. In kuwa aka ba shi fili, abin mamaki ne. A 2007 wani injiniya a Benezuwela, Ermanno Pietrosemoli, ya kafa faranti a kan dutse, abokansa suka kafa a kan wani dutsen, suka yi magana da Wi-Fi a tazarar kilomita 382. Ka tashi daga Katsina ka je Kano ka dawo, ba ka cike wannan nisa ba.

Na tambayi yaron shagon ta ina sababbin finafinai ke zuwa, tunda ba a iya saukewa. Ya nuna mini wani faifan ajiya da bai fi tafin hannu ba, an naɗe shi da leda da kyauro. Direba ne ke kawo masa daga Kano. Nan na tuna da Winston, tattabarar da aka ɗaura wa memori mai gigabait 4 a ƙafa a Afirka ta Kudu a 2009, aka sa ta tsere da layin intanet a tazarar kimanin kilomita 80. Ta isa cikin awa ɗaya da minti takwas. Har aka kwance memorin aka kwafe, awa biyu da 'yan mintuna, layin bai wuce kashi huɗu cikin ɗari ba.

Na ba shi labarin, ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai mu ma muna da tattabaru a gida." Sannan ya karɓi wayar mutum na gaba.